Harbin Ƙudan Zuma da na Rina: Inda Suka Bambanta da Inda Maganin Gida Ya Tsaya

A bazarar da ta wuce, ana tsakiyar zafin nan na watan Afrilu, ɗan yayata mai shekara bakwai ya shigo tsakar gidanmu da ke unguwar Gwammaja ta Kano a guje, yana yarfe hannu yana ihu: "Kawu, zuma! Zuma ta harbe ni!" Wanke hannu ya je yi a bakin famfo, inda ƙudan zuma suka saba taruwa suna shan ruwan da ke ɗiga. Kafin ka ce kwabo an kewaye shi. Hajiya ta ce a jiƙo jar kanwa. Maƙwabciyarmu da ta shigo aron turmi ta ce albasa ake yankawa a goga. Almajirin da ke mana aike ya ce a garinsu laka ake shafawa. Uwar yaron kuma ta faɗa ɗaki neman man zafi. Kowa da kyakkyawar niyya, amma duk cikinsu babu wanda ya kama hannun ya duba.

Da na kama, sai ga abin a bayan hannun, kusa da gindin babban yatsa: ɗan tsinke baƙi-baƙi wanda bai fi ƙayar ƙarangiya ba, a samansa da wani ɗan farin ƙullutu. Na kai ido kusa, na ga ƙullutun yana motsi shi kaɗai, ya matse ya saki, ya matse ya saki, alhali ƙudan da ya bar shi ya daɗe da tashi. Na sa farce na kankare shi. Sai dai a lokacin an shafe minti biyu ko uku ana shawara, dafin da zai shiga jikin yaron ya riga ya gama shiga.

Wannan ɗan tsinken shi ne ƙari, kuma daga kansa bambancin harbin ƙudan zuma da na rina ya faro.

Ƙwari uku ne muke yawan haɗawa a baki ɗaya mu ce "wani abu ya harbe shi". Ƙudan zuma gajere ne, mai kauri, jikinsa da gashi-gashi, launinsa ruwan ƙasa da ratsin baƙi. Rina doguwa ce, jikinta sumul, ja-ja ko baƙa, in tana tashi ƙafafunta na reto. Ita ce ke tauna busasshen itace ta kwaɓa da yawunta ta gina gida mai kama da takarda, mai ƙananan ramuka a buɗe, ta rataye shi a ƙarƙashin kwanon rufi, ko gefen indararo, ko bayan tagar da aka daɗe ba a buɗe ba, ko reshen mangwaro. Na uku shi ne zanzaro, mai ƙugun nan siriri kamar zare, wanda daga gare shi muka samo cewa wane "ya yi zanzaro" in ya cusa riga a wando. Shi magini ne, da laka yake aiki, a kusurwar ɗaki ko bayan kalanda ko saman sif. In ka taɓa fasa gidansa za ka ga gizo-gizo a jere a ciki, ba su mutu ba kuma ba sa motsi: ya harbe su ne ya shanye musu jiki, ya ajiye wa 'ya'yansa su ci in sun ƙyanƙyashe. Zanzaro shi kaɗai yake zaune, ba shi da rundunar da zai kare, don haka da wuya ka ji ya harbi mutum sai in an damƙe shi. Tsoron da yara ke yi masa ya fi laifinsa yawa. Rina da ƙudan zuma su ne masu gari da jama'a, kuma duk mai gari yana da abin da zai yi faɗa a kai.

Dukkansu mata ne ke harbi. Ƙarin asalinsa bututun saka ƙwai ne da ya rikiɗe ya zama makami, shi ya sa namijin ƙudan zuma ko ka riƙe shi a tafin hannu ba abin da zai iya yi maka.

Ƙarin ƙudan zuma yana da 'yan ƙayoyi da suka juya baya, irin na ƙugiyar masunta. In ya shiga fatar mutum ba ya fita. Ƙudan na yunƙurin tashi sai ƙarin ya tsinke, ya zaro jakar dafin da 'yan jijiyoyi da tsokar da ke matsa ta, duk su maƙale a jikinka. Shi ƙudan mutuwa zai yi, harbi ɗaya ke nan a rayuwarsa. Amma abin da ya bari yana ci gaba da aiki: yana ƙara nutsewa, yana ƙara tura dafi. An auna an ga kusan kashi 90 cikin 100 na dafin yana shiga ne a cikin sakan 20 na farko, kafin minti ɗaya ya cika kuma jakar ta zube kaf. Rina ba haka take ba. Ƙarinta kusan santsi ne, ta soka ta zare ta sake sokawa. Rina ɗaya in ta shiga cikin riga tana iya yi wa mutum harbi huɗu ko biyar a jere, ta fita ta kama gabanta.

To in ka duba wurin ka ga tsinke, ƙudan zuma ne, kuma aikin farko shi ne cire shi nan take. An daɗe ana koyar da cewa kada a kama shi da yatsu, wai matsawa za ta ƙara tura dafin, sai dai a nemo wuƙa ko kati a kankare. A 1996 wasu masu bincike a Amurka, Visscher da Vetter da Camazine, suka gwada abin a kan hannayensu, suka buga sakamakon a mujallar likitoci ta The Lancet. Abin da suka gani shi ne kankarewa da tsinkewa da yatsu duk ɗaya ne. Abin da ke ƙara girman kumburin shi ne jinkiri, ko da na 'yan sakan ne. Saboda haka kada ka tashi neman komai. Farce, gefen hula, bakin hijabi, duk abin da ke hannunka, ka share shi. In kuma ka duba ba ka ga tsinke ba, sai ɗan jan ɗigo a tsakiyar kumburi, mai yiwuwa rina ce. Kada a sa allura ko reza ana tonon abin da babu shi. Na sha ganin an yi wa yaro rauni da tono wanda ya fi harbin kansa ciwo.

Wajen yawan dafi ƙudan zuma ne a gaba. Harbinsa ɗaya yana zuba tsakanin maikirogiram 50 zuwa 140, maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Na rina galibi bai kai 20 ba. Amma duk wanda ya ɗanɗana su biyun zai gaya maka rina ta fi raɗaɗi, kamar an ɗosana maka garwashi. Dalili shi ne haɗin dafin ba iri ɗaya ba ne. Kusan rabin busasshen dafin ƙudan zuma wani sinadari ne da ake kira melitin, mai fasa bangon ƙwayoyin halittar jiki, shi ke kawo zugin nan mai tafiya a hankali. Dafin rina kuma yana ɗauke da sinadaran da ke tsokanar jijiyoyin jin zafi kai tsaye, da wani mai suna mastofaran da ke sa jiki ya saki histamin da yawa, wato abin da ke haddasa ja da kumburi da ƙaiƙayi. Wani masanin ƙwari Ba'amurke, Justin Schmidt, wanda ya rasu a 2023, ya sha harbin gomman nau'o'in ƙwari a rayuwarsa ta bincike, har ya tsara ma'aunin zafin harbi daga 1 zuwa 4. Ya ajiye ƙudan zuma a mataki na 2, wasu nau'o'in rina a na 3, dangin zanzaro masu gini da laka kuma a na 1.

Akwai wani abu kuma da ƙarin ƙudan zuma ke bari a jiki bayan dafi: ƙamshi. Yana sakin wani sinadari mai ƙamshin ayaba nunanniya, wanda a wajen sauran ƙudajen kiran yaƙi ne, yana nuna musu ga inda abokin gaba yake. Shi ya sa masu ɗibar zuma ke zuwa wa amya da hayaƙi, don ya rufe wannan ƙamshin. Shi ya sa kuma in an harbe ka kusa da gidansu, barin wurin ya fi tsayawa duba ciwo. Rina ma in aka murƙushe ta kusa da gidanta, 'yan uwanta suna ji.

Yanzu mu zo ga kanwar Hajiya, domin a kanta na fi son in tsaya. Ba tsofaffi kaɗai ke da wannan fahimtar ba. Da yawanmu an koya mana a darasin kimiyya a sakandare cewa dafin ƙudan zuma mai tsami ne, don haka a sa masa abu mai kanwa-kanwa ya kashe shi, na rina kuma kishiyar haka ne, a sa masa abu mai tsami. A gida sai abin ya koma kanwa ko toka ga zuma, lemun tsami ko ruwan tsamiya ga rina. Maganar tana da daɗin ji, kuma rabinta gaskiya ne: dafin ƙudan zuma yana da ɗan tsami. Amma na rina kusan tsaka-tsaki yake, bai karkata can ba bai karkata nan ba. Sannan ko da lissafin ya yi daidai, dafin ba a saman fata yake ba. An cusa shi ne ƙarƙashinta ta ramin da ido ba ya gani, ya bazu cikin nama a 'yan sakan, ruwan jiki ya gauraya da shi. Abin da ka shafa a sama ba zai iske shi ba. Kuma ba tsamin ne ke sa zafin ba tun farko, waɗancan sinadaran ne masu fasa ƙwayoyin jiki, su kuwa kanwa ba ta san hanyarsu ba.

Me ya sa to kowa ke rantsuwa nasa maganin ya yi aiki? Saboda zafin harbi da kansa yake sauka. Yakan yi tsanani a mintunan farko, cikin awa ɗaya ko biyu ya lafa ko an shafa wani abu ko ba a shafa ba. Duk abin da aka sa a wannan tsakanin shi ke karɓar yabo. Ga kuma sanyin abin da aka jiƙa, ga hannun kaka da ke shafawa tana rarrashi, waɗannan ba ƙaramin sauƙi suke kawo wa yaro ba, kuma ni ba na raina su.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne a raba marar cutarwa da mai cutarwa. Zuma, man kaɗanya, ruwan albasa kaɗan, makilin mai sanyaya fata: ba sa karya dafi, amma in fatar ba ta fashe ba ba za su yi ɓarna ba. Kanwa in ta yi kauri tana cin fata, musamman ta jariri. Tafarnuwa da aka daka aka ɗaure a wurin tana iya ƙona fata har ta tashi bororo. Lemun tsami in an shafa aka shiga rana yakan bar baƙin tabo. Man zafi kuma a fuska ko kusa da ido ƙarin azaba ne. Waɗanda nake roƙon a bari gaba ɗaya su ne lakar kwata da kashin shanu, domin ƙwayar cutar tetanus, mai sandarar da jiki ta ɗaure muƙamuƙi, a ƙasa da kashin dabbobi take zaune. Haka fetur da kananzir, da tsaga wurin da reza don a tsotse, da ɗaure hannu tamau da igiya. Dafin ba ya tsotsuwa, ɗaurin kuma jini kawai yake hanawa zuwa yatsu.

Abin da ke aiki ba shi da wani tsada. A wanke wurin da ruwa da sabulu. A samo ƙanƙara a naɗe ta a tsumma mai tsabta, a ɗora minti goma, a ɗaga, a sake ɗorawa. In babu wuta, ledar ruwa mai sanyi daga wajen mai shago ta isa, ko tsumma da aka jiƙa da ruwan randa. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, ya rage kumburi, ya dusashe zafin. In a hannu ne a ɗaga shi sama, kuma a cire zobe da awarwaro da agogo tun kafin kumburi ya kama su. Wannan na zobe kada a yi wasa da shi, mata musamman, domin yatsa in ya kumbura a cikin zobe sai an kai ga yanke zoben. Farasitamol yana rage zafi. Ibufurofen ma haka, amma ban da mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mai juna biyu, asfirin kuma ba a ba yaro. Don ƙaiƙayi akwai Piriton, sai dai yana sa barci, direba ko mai adaidaita sahu ya nemi irin su setirizin ko loratadin a kemis. Ruwan kalamin ko man haidirokotison shi ma yana kwantar da fata. A yanke wa yaro farce, don susa ita ce ke buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Wasu mutanen, kamar ɗaya cikin goma, kumburinsu ba ya tsayawa a wurin harbin. A harbe su a yatsa, washegari hannu ya haye har gwiwa, ya yi ja, ya yi zafi, ya yi tauri. Yakan kai ƙololuwa a kwana na biyu, ya ɗauki mako guda ko kwana goma kafin ya sace. Yana da ban tsoro a ido, kuma a nan ne ake rugawa kemis a sayo kafso. Amma kumburin da ya taso a kwana ɗaya ko biyun farko ba ƙwayar cuta ba ce, jiki ne ya zafafa wajen mayar da martani, antibayotik ba shi da abin yi a wurin. Sanyi, ɗaga hannu da maganin ƙaiƙayi su ne abin yi. In bayan kwana uku abin yana ƙara gaba maimakon baya, ko ga mugunya, ko zazzaɓi, ko jan layi yana hawa hannu, ko kaluluwa ta fito a hammata, sai a ga likita.

Duk abin da na faɗa zuwa nan na mutumin da ciwonsa ya tsaya a inda aka harbe shi ne. Akwai wani rukuni na mutane, kamar uku cikin ɗari na manya da ƙasa da haka a yara, waɗanda harbi ɗaya tak zai iya tayar musu da jiki gaba ɗaya. Likitoci suna kiran abin anafilaksis. Yadda yake faruwa shi ne, wani harbi da aka taɓa yi wa mutum a baya ya sa garkuwar jikinsa ta riƙe dafin a matsayin babban maƙiyi. Ranar da ya sake shiga, sai jiki ya saki histamin da ire-irensa ko'ina a lokaci guda: jijiyoyin jini su saki, jini ya faɗi ƙasa, maƙogwaro ya kumbura, hanyoyin iska a huhu su tsuke. Saboda haka "ai ya saba, an sha harbinsa" ba hujja ba ce. Masu kiwon zuma da iyalansu ma suna cikin waɗanda abin ya fi samu. Kuma a nan ƙudan zuma da rina duk ɗaya ne, kowannensu yana iya jawo shi, ko da yake wanda jikinsa ba ya shiri da dafin ɗaya ba lallai ne ya ƙi na ɗayan ba.

Alamomin sukan zo da sauri, galibi cikin rabin awa, wani lokaci cikin minti biyar, kuma a wuraren da ba nan aka yi harbin ba. An harbi ƙafa amma ga borin jini a ƙirji da baya. Tafin hannu da na ƙafa suna ƙaiƙayi. Leɓe da fatar ido da harshe sun kumbura. Murya ta shaƙe, haɗiyar yawu ta gagara, numfashi yana fita da ƙara kamar na mai asma. Ko jiri, gumi mai sanyi, amai, murɗawar ciki, mutum ya ce yana ganin duhu, ya sulale. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan bayan harbi, ya san maganar kanwa da albasa ta ƙare. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙirga mutum 1,109 da harbin ƙudan zuma da rina da danginsu ya kashe a ƙasar daga 2000 zuwa 2017, wato kamar 62 duk shekara, a ƙasar da motar asibiti ke zuwa ƙofar gida.

Maganinsa ɗaya ne: allurar adirenalin a tsokar cinya. Ga babba rabin miligiram ma'aikatan lafiya ke yi, a sake bayan minti biyar in bai farfaɗo ba. Piriton ba ya maye gurbinta, haidirokotison ma ba ya yi, domin kafin su fara aiki maƙogwaro ya toshe. A ƙasashen Turai da Amurka masu wannan matsalar suna yawo da allurar a aljihu, irin su EpiPen, su caka wa kansu. A nan samunta da wuya, ga tsada. Abin da ke hannunmu shi ne saurin isa asibiti mafi kusa da ke da sashen gaggawa, ko Asibitin Murtala ne, ko na Malam Aminu Kano, ko na Nassarawa, ko na yara na Hasiya Bayero, ko wani ƙarami da ke unguwa in shi ya fi kusa. Akwai lambar gaggawa ta 112, amma a kira ana tafiya, kada a zauna jira. Da an isa a faɗa wa ma'aikacin farko da aka gani a fili: zuma ce ta harbe shi, numfashinsa ya canza.

Yadda za a ɗauke shi ma yana da muhimmanci ƙwarai. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, don jinin da ya rage ya koma zuciya da ƙwaƙwalwa. In numfashi ne ya fi damunsa, a jingina shi ƙafafu a miƙe. Mai ciki a kwantar da ita a gefen hagu. Kada a tsayar da shi, kada a ce ya daure ya taka zuwa titi, domin miƙewa tsaye a wannan halin ita kanta tana iya tsayar da zuciya. Kada a ɗura masa madara ko man ja ko ruwa, wanda maƙogwaronsa ya kumbura shaƙewa zai yi. Wani lokaci in mutum ya faɗi haka kwatsam sai a ce iska ce, a zauna a kansa. Addu'a da tofi abu ne mai kyau, a yi su a cikin adaidaita sahu ana tafiya. Ko ya farfaɗo a asibiti, a bar shi su riƙe shi na wasu awanni, saboda abin yakan dawo bayan ya lafa. Daga ranar kuma duk gidan su sani, malaman makarantarsa su sani, domin wanda ya taɓa yin haka yana da babban haɗarin sake yi.

Harbi a cikin baki ko maƙogwaro shi ma na asibiti ne ko da mutum ba shi da wannan matsalar, saboda kumburin wurin kaɗai ya isa ya toshe iska. Yakan faru ne in ƙwaron ya shiga kwalbar lemo ko robar zoɓo da aka bari a buɗe. A ba shi ƙanƙara ya tsotsa a hanya. Harbi a ƙwayar ido ma kada a taɓa, likitan ido ne zai cire.

Sai kuma haɗari na biyu, wato taron dangi. Ƙudan zumanmu na Afirka ta Yamma an san shi da zafin kare gida. Ɗan uwansa na kudancin Afirka ne aka kai Brazil a 1956 don inganta samar da zuma, a 1957 wasu suka kuɓuce, suka haɗu da na can, suka yi ta bazuwa har suka shiga Amurka a 1990, mutanen can suka sa musu sunan makasa. Dafinsu bai fi na ƙudan Turai ƙarfi ba. Abin da ya bambanta su shi ne suna fitowa da yawa, suna fitowa da sauri, kuma suna bin mutum nesa. A nan ko jikinka yana shiri da dafin, yawansa ne ke zama guba. Yana narkar da tsoka da ƙwayoyin jini, dattin ya je ya toshe ƙoda. Mutum zai iya tashi kamar lafiya lau, bayan kwana ɗaya ko biyu fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi ko ya ɗauke. Babban da ya sha harbi gommai, ko ƙaramin yaro ko tsoho da ya sha kamar goma, a kai shi asibiti ko da yana cewa ba komai.

In suka taso, gudu ne kawai. A ja riga ko mayafi a rufe kai da fuska, a bar ido yana ganin hanya, a nufi ɗaki ko mota a rufe. 'Yan kaɗan da suka shiga tare da kai sun fi dubun da ke waje sauƙi. Kada a tsaya ana kaɗa hannu, kada a faɗa kududdufi, domin suna jira a sama har ka ɗago. A fara ɗauke ƙananan yara da tsofaffi, a kwance ragon da ke ɗaure in da hali. Bayan an tsira sai a bi jiki da sauri a share ƙarin da suka maƙale da gefen kati ko bayan wuƙa.

A cikin birni rani da bazara ne lokacin da muka fi haɗuwa da su. Daji ya bushe, furanni sun yi ƙaranci, sai su shigo neman ruwa da zaƙi. Ka je kasuwar 'Yan Lemo ko ta 'Yan Kaba ka ga yadda suke rufe yankakkiyar kankana da mangwaro, ko wajen mai rake, ko kan buhun garin rogo da dusa. Waɗannan masu neman abinci ne, ba su da gidan da suke karewa a wurin, ba sa harbi sai an danne su ko an taka su. Masu haɗarin su ne waɗanda suka kafa gida a kogon kuka ko tsamiya, a maƙabarta, a silin ɗin makaranta ko masallaci. Jifan yara da ƙarar janareta kusa da su suna iya tayar da su. In sun shiga silin ɗinka, kada ka hau da fetur da ashana, gidaje sun ƙone ta haka. Nemo mai kiwon zuma wanda ya san aikin, ya zo da hayaƙinsa da dare ya kwashe su. Halitta ce da Allah Ya ambata a Suratun Nahli, aya ta 68 da 69, Ya ce a cikin abin da ke fita daga cikinta akwai waraka ga mutane, kuma a hadisin Ibn Abbas da Abu Dawud ya ruwaito tana cikin halittu huɗu da aka hana kashewa. Gidan rina kuma a cire shi tun yana ɗan ƙarami, da asuba ko da dare lokacin da suka lafa, da doguwar sanda, jiki a rufe, kuma ba wanda ya taɓa suma da harbi ne zai yi aikin ba.

Ɗan yayata hannunsa ya yi kwana uku a kumbure, ya sha ƙanƙara da rabin Piriton da mai kemis ya auna masa, ya warke. Na zauna kusa da shi awa guda a ranar ina kallon leɓensa da yadda yake numfashi, na kuma gaya wa uwarsa abin da za ta duba in ya sake faruwa ba na nan. Famfon mun kira mai gyara ya ɗaure shi ya daina ɗiga. Sai muka ajiye wani tsohon kasko can bayan gida kusa da katanga, muka zuba ruwa da 'yan duwatsu a ciki don su samu wurin sauka. Cikin 'yan kwanaki suka koma can.